Wasiƙar Godiya Ga Shagon Kwamfutar Da Ya Raya Mana Ɗakin Karatu

Zuwa ga Alhaji mai shago da ma'aikatansa, Titin Beirut, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin malamai da ƙungiyar iyayen yara ta makarantarmu ta sakandare, domin mu yi muku godiya a bainar jama'a bisa yadda kuka riƙe amanar aikin raya ɗakin kwamfutar makarantarmu da muka ba ku.

Kafin mu zo wurinku mun sha wahala ƙwarai. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015 muke ganin ɗalibanmu masu ƙoƙari suna dawowa da sakamakon da bai kai iliminsu ba, saboda hannunsu yana rawa a gaban na'urar da ba su taɓa zama da ita ba. Iyaye suka yi karo-karo, wasunsu har da sayar da hatsi, aka ba wani ɗan kwangila kuɗin. Ya kawo kwamfutoci 'yan gwanjo ya jera, aka ɗauki hoto, ya karɓi cikon kuɗinsa, daga nan wayarsa ta daina shiga. Ga rashin wuta, ga tsadar data, har ɗakin ya koma wurin ajiye tsintsiya da tsofaffin rajistoci.

Da wannan fargabar muka shigo shagonku, shi ya sa muka yi mamaki da matashin injiniyan da kuka turo mana ya ce ba zai rubuta farashin komai ba sai ya zauna a aji ya ga yadda muke koyarwa. Bayan ya duba, ya faɗa mana gaskiya cewa yawancin kwamfutocin gyara kawai suke buƙata, alhali da ya ce a sayi sababbi ba mu da bakin musu. Aka gyara su, aka haɗa sola da batura, aka gama a lokacin da aka yi alkawari.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne abin da ya yi bayan an biya shi. Ya sa manhajar Kolibri a kwamfuta ɗaya wadda take raba darussa ga sauran ba tare da intanet ba, ya ƙara da Kiwix mai ɗauke da Wikipedia ta Hausa da ta Turanci, da gwaje-gwajen kimiyya na PhET da Jami'ar Colorado ta Amurka take bayarwa kyauta. Sannan ya riƙa zuwa ranakun Asabar yana zama da malamai, bai nemi ko kuɗin mota ba. Akwai dattijon malamin lissafi da ya kusa ritaya, wanda ya rantse ba zai taɓa na'urar ba. Yaron nan ya zauna kusa da shi yana cewa "Baba, a sake gwadawa", har ya saki jiki, kuma bai taɓa gyara masa kuskure a gaban ɗalibai ba.

Yanzu a darasin wutar lantarki, ɗalibai ne suke zama rukuni-rukuni su haɗa batir da waya da ƙwan fitila a kan allon kwamfuta, su yi gardama kan dalilin da ya sa ƙwan ya dushe, sannan ɗaya ya tashi ya yi wa aji bayani, malami kuwa yana zagayawa yana jefa tambaya. Ajin ya ƙara hayaniya, kuma wasu malamai ba su so hakan ba da farko, amma ni dai na fi son hayaniyar nan da shirun kwafar rubutu daga allo, musamman da na ga 'yan matan da ba a jin muryarsu sun fara jagorantar rukuninsu.

Abin takaici shi ne irin wannan aiki ya yi ƙaranci. A makarantu da yawa ana ƙirga kwamfutoci a yi bikin buɗewa, sannan a garƙame ɗakin don kada yara su lalata, ba a horar da malami ko ɗaya ba, ba a kuma ware ko kwabo na gyara ba. Ga WAEC ma ta fara jarrabawa ta kwamfuta ga masu zana ta a matsayin ɗalibai masu zaman kansu tun 2024, amma har yanzu akwai masu sayar wa makarantun karkara kayan da ba za su kunnu ba sai da janareta.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara wa kasuwa albarka, Ya kuma yi wa wannan yaro jagora.

Naku,
Shugaban makaranta, a madadin malamai da iyaye.