Kuɗin ciyarwa yana girma tare da yaro: amsa ga Malamin da ya tambaye ni a bainar jama'a

Assalamu alaikum, Malam.

Tambayarka ta iso ni kamar yadda ta isa kowa. Ka ce yaro ya bar nono, ya bar madarar gwangwani da ƙunzugu, ya shiga makaranta yana wuni can, to da wane dalili nake faɗa wa iyaye mata cewa kuɗin ciyarwar da aka yanka ranar rabuwa a riƙa sake duba shi ana ƙarawa? Ka kawo misalin Birtaniya, inda ka ce ba ruwansu da shekarun yaro. Sannan ka ɗora da cewa mu masu aikin sasanta iyaye muna koya wa zawarawa tatsar tsofaffin mazajensu ne, kuma ba mamaki muna da namu kason a ciki.

Wannan magana ta ƙarshe ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Waɗanda suka san aikina sun san ko sisi ban taɓa karɓa daga kuɗin ɗan kowa ba, sun kuma san na sha tsaya wa iyaye maza har aka rage musu lokacin da samunsu ya karye. Da neman sani ne ya kawo ka, da ka tsaya a tambayar farko. Ƙarin da ka yi, neman tafin iyayen da suka gaji da biya ne, kuma ka san yawancin masu karanta ka ba za su tsaya bincike ba. Duk uban da ya dogara da maganarka ya ƙi ƙari, ɗansa ne zai ji a jikinsa, kai kana gefe.

Kuɗin ciyarwa haƙƙin yaro ne, ta hannun mai riƙonsa kawai yake bi. Mafi yawan wuraren da aka yi doka a kansa abu biyu ake aunawa: me yaron ke buƙata, me mai biya ke iya bayarwa. Babu ɗaya cikin biyun da ke zama wuri guda har shekara 18. Ka ga ƙunzugu ya wuce, sai ka ɗauka ɗawainiya ta wuce tare da shi, ba ka lissafa abin da ya maye gurbinsa ba. Ɗan shekara 2 zuwa 3, abincin da jikinsa ke nema a rana kalori 1,000 ne zuwa 1,400. Saurayi ɗan shekara 16 mai yawan motsa jiki yakan kai 3,000, ya fi babansa da ke wuni a zaune ci. Takalmin da aka saya masa farkon shekarar karatu, kafin ta ƙare ya take dunduniyarsa yana jan sa, babban yatsa ya huda gaba, kuma wanda za a canza masa na manya ne, da kuɗin manya za a saya. Yarinya in ta fara al'ada, audugar mata ta zama sayayyar kowane wata, ba a ɗaga ta zuwa gobe. Ga kuɗin mota, ga littattafai da rajistar jarrabawa, ga waya da data don aikin makaranta, ga raba makwanci in maza da mata sun tasa. Masu ƙididdiga sun daɗe da sanin haka. A ma'aunin da hukumar ƙididdigar Tarayyar Turai ke auna kashe kuɗin gida da shi, mai gida 1 ne, yaron da bai kai 14 ba 0.3, daga ranar da ya cika 14 kuwa 0.5, daidai da babban mutum na biyu a gidan.

Wuri ɗaya ne maganarka ke da ƙafa, wato kuɗin gidan raino. Uwa mai aiki da ke biyan mai kula da ɗan shekara 2 tana kashe kuɗi sosai, kuma wannan yana faɗuwa idan yaro ya shiga makaranta. Shi ya sa tsari mai kyau ba ya cakuɗa shi da kuɗin yau da gobe. A Kanada, ƙa'idojin 1997 sun ware irin waɗannan, raino da magani na musamman da karatun gaba da sakandare, iyayen biyu su raba gwargwadon samunsu. Ranar da raino ya ƙare wannan kason ya faɗi, na ci da sutura kuwa yana nan.

Ga yadda Jamus ke yi, don ka ga lissafin a fili. Suna da jadawalin kuɗin ciyarwa na birnin Dusseldorf tun 1962, wanda kotuna ke dubawa. An kasa ƙuruciya gida uku: haihuwa zuwa 5, 6 zuwa 11, 12 zuwa 17, sai matakin wanda ya cika 18. Doka ta ce matakin farko kashi 87 cikin 100 ne na mafi ƙarancin kuɗin ciyarwa, na biyu kashi 100, na uku kashi 117. A 2025, ga mai biya mafi ƙarancin samu, wanda bai wuce yuro 2,100 a wata ba bayan haraji, hakan ya kama yuro 482, da 554, da 649, sai 693 ga ɗan 18. Daga matakin farko zuwa na uku ƙarin yuro 167 ne, sama da kashi ɗaya bisa uku. Amma ba duka uban ke fitarwa ba. Gwamnati na ba kowane yaro tallafin yuro 255 a wata a shekarar, ana cire rabinsa, 127.50, sai abin biya ya zama 354.50, da 426.50, da 521.50. Sabon mataki yana fara aiki daga ranar ɗaya ga watan da yaron zai cika shekarun, ko da ranar haihuwarsa 30 ga wata ce. Ba a kuma manta da mai biya ba: in yana aiki, ana bar masa yuro 1,450 na rayuwarsa kafin a taɓa sauran. Ostiriya da kaso take yi: kashi 16 na samun mai biya kafin yaro ya kai 6, kashi 18 zuwa shekara 10, kashi 20 zuwa 15, kashi 22 daga nan. Ostireliya ta raba biyu, ƙasa da 13 da kuma 13 zuwa sama, na biyun ya fi tsada. Babu bazawarar da ta rubuta wa waɗannan ƙasashe dokokinsu.

Batun Birtaniya ba zan daɗe a kai ba. Gaskiya ne ba su duba shekarun yaro: kashi 12 na samun mako kafin haraji ga yaro ɗaya, 16 ga biyu, 19 ga uku zuwa sama, a kan fam 800 na farko. Sai dai ka bar rabin labarin. Kaso ne, kuma duk shekara hukumar da ke kula da kuɗin ciyar da yara ke sake lissafi da sabon samun mai biya, in albashi ya hau kuɗin ya hau. Abin da kake karewa, a yanka adadi ɗaya a bar shi shekara goma, can ma ba a yin sa. Ni dai a ganina mai duba shekaru ya fi adalci, don albashin uba yana iya tsayawa cik, cikin yaro kuwa ba ya jira.

Shari'ar Musulunci ma ba ta yanka adadi ta rufe ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ci da tufatarwa a kan uba gwargwadon abin da aka sani na kyautatawa, aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Da Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar rowar Abu Sufyan, Manzon Allah (SAW) ya ce ta ɗauki abin da zai ishe ta ita da 'ya'yanta. Isa ita ce ma'auni, kuma abin da ya ishi ɗan yaye ba zai ishi matashi ba. Malaman Malikiyya sun ce nafaƙar ɗa namiji na kan uba har ya balaga yana da lafiyar nema, ta 'ya mace kuwa har ta yi aure mijinta ya tare da ita.

Ko da ma yaro ba ya girma, adadin da aka daskarar yana zaizayewa. In farashi na hawa da kashi 10 duk shekara, cikin shekara 7 kuɗin rabin kayan da yake saye a da kawai zai saya. Uban da ke alfaharin bai taɓa fashin wata ba, ya rage rabi bai sani ba, uwar ce ke cike giɓin daga bakinta.

Maganin mafi yawan wannan rigima tun ranar yarjejeniya ake yin sa, a rubuce. A sa kuɗin kowane yaro daban, da sunansa da ranar haihuwarsa. In aka dunƙule aka ce kaza ne na yara uku, ranar da babban ya fita sai uba ya raba uku ya cire ɗaya, alhali haya da wuta ba su ragu da kashi ɗaya bisa uku ba. A Birtaniyar da ka ambata, daga yara biyu zuwa ɗaya kashi 16 na komawa 12 ne, ba 8 ba. A rubuta shekarun da za a hau mataki da nawa za a ƙara, zai fi kyau da kaso. A sa wata guda a shekara da za a kawo shaidar samu a sake lissafi. A ware manyan hidimomi, makaranta da asibiti da jarrabawa, a faɗi kason kowa da kwanakin sanarwa kafin a kashe. A biya ta banki, a rubuta watan da ake biya wa, don kuɗin hannu ba ya da shaida ranar musu.

Inda ake tuntuɓe kuma sananne ne. Uwa ta yi shiru shekara uku don gudun fitina, sannan ta zo neman ƙarin baya, a ce mata ya wuce. A Jamus, in ba da kaso aka rubuta takardar kuɗin ciyarwar ba, ƙari yana farawa ne daga watan da aka nema ko aka buƙaci mai biya ya bayyana samunsa, kuma duk shekara biyu ana da damar neman wannan bayani. Uba ya saya wa ɗan 15 waya mai tsada ya cire daga kuɗin wata, alhali kyauta ba ta biyan haya. Wani ya fara tura kuɗin kai tsaye ga matashin, ya ƙare a kwana biyu, mai riƙo tana nan da tukunya.

Kuɗin yana sauka ma, Malam, kuma ni nake fara gaya wa iyaye mata haka. Aiki ya tafi, an haifi wasu 'ya'ya, yaro ya koma hannun uba ko ya fara koyon sana'a mai albashi, duk dalilai ne. Matasa sukan ƙara kwana wurin uba. A Birtaniya dare 52 zuwa 103 a shekara yana rage kashi ɗaya bisa bakwai, 104 zuwa 155 biyu bisa bakwai, 175 zuwa sama rabi da ɗan ƙari. Sharaɗin ɗaya ne: a nema a hukuma ko a sake yarjejeniya a rubuce, a watan da abin ya faru. Wanda ya rage da kansa bashi yake tarawa. A Amurka, tun dokar tarayya ta 1986, kuɗin da lokacin biyansa ya riga ya wuce alƙali ba ya da ikon komawa baya ya rage shi, ko da uban a asibiti ya yi watannin.

Abin da ya fi damuna ya wuce ka. Kusan ko'ina, mai riƙon yaro ita ce ake bar wa nauyin tunawa, da roƙo, da zaryar kotu, da haƙurin jin an kira ta mai kwaɗayi, a kan abin da kalanda kaɗai ta isa ta nuna. Maganganu irin naka su ke sa ta haɗiye ta yi shiru. Kuma mafi munin yankewa a ƙarshe take zuwa, ranar da uba ya ƙirga 18 ya rufe aljihu, yaron yana tsakiyar shekarar jarrabawa. Doka ba ta ce haka ba a wurare da yawa. A Birtaniya ana biya har 16, ko har 20 in yana karatun cikakken lokaci da bai kai na jami'a ba. A jihar New York sai 21. A Ostireliya ana iya neman a ci gaba har ƙarshen shekarar sakandare, amma sai an nema kafin ya cika 18. A Jamus ana ci gaba har ya gama karatu ko koyon sana'ar farko, sai dai daga 18 uwa ma tana biyan nata kason, ana cire tallafin gwamnati gaba ɗaya, kuɗin kuma hannun yaron yake shiga. Yaro mai naƙasar da ta hana shi nema, dokokin ƙasashe da dama da fiƙihu sun haɗu a kan cewa cikar shekaru ba ta sauke nauyinsa. Iyayen irin wannan yaro su tara takardun likita, su nemi a rubuta ci gaban biyan tun yana 17, don bayan an rufe fayil buɗe shi wahala ne.

Wassalam.