Na'urar Karatun Makafi: A Riƙa Sayo Ta Tare da Kayan Gyaranta

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a jaridarka domin mu yi magana a kan 'yan na'urorin nan da makafi ke sauraron littattafai da su. Ana raba su a wurin taro, a ɗauki hoto, a watse. Kafin shekara ta zagayo sai ka tarar da su jibge a durowar ofis, wai sun mutu, alhali abin da ya kwantar da yawancinsu bai fi ƙarfin mai gyaran waya na bakin kasuwar Taminus da ke Jos ba, in dai ya san abin da zai duba.

Maganar ta shafe mu a Filato. Makarantar makafi ta Gindiri tun 1953 take, ga kuma sashen ilimi na musamman a Jami'ar Jos. Na'urorin da ke hannun ɗalibai kashi biyu ne: masu tsada irin Victor Reader Stream na kamfanin HumanWare da ke Kanada, wanda ya fara fitowa a 2007, mai karanta littafin DAISY, wato littafin saurare da aka tsara domin makafi, ya kuma riƙe inda mai shi ya tsaya, sai masu araha na kasuwa, irin rediyo mai cin memori. Ciwonsu kusan ɗaya ne.

Bakin caji shi ke fara tafiya. Ƙaramin bakin nan na micro USB ta fuska ɗaya kawai waya ke shigarsa, mai laluben hanya da yatsa kuwa dole wata rana ya juya ta, ya danna da ƙarfi. Ƙafafu biyar ne siriri suke riƙe da shi a kan fanel, wato allon kayan lantarki da ke cikin na'urar, kaɗan-kaɗan dalmar ta tsage. Alamarsa, sai an karkata waya ko an danne ta kafin caji ya shiga. Amma kada a yi saurin kunna ƙarfen dalma. A kashe na'urar, a sa tsinken sakace, banda allura, a kwakulo ƙurar hunturu da zaren aljihu da suka dunƙule a ciki, a goge da tsohon buroshin haƙori da ɗigon sifirit. Sau da yawa nan maganar ke ƙarewa. In kuwa bakin yana girgiɗi, sai a canza shi, a kuma cika ƙafafun gefe masu riƙe jikinsa da dalma sosai, don su ke ɗaukar wahalar. Rigakafin ma ba tsada: a ɗiga gam mai tauri a saman kan wayar yadda yatsa zai ji sama da ƙasa, ko a sayi wayar caji mai maganaɗisu wadda kanta ke zama a jikin na'urar dindindin. Sababbi masu bakin USB-C sun rage wannan wahala tunda ta kowace fuska yana shiga.

Sai batir. Na lithiyom ne, ƙarfinsa bolt 3.7, in ya cika ya kai 4.2. A auna da mita: wanda ya sha caji na awa guda amma bai haura bolt 3 ba, ya gama aiki. Zafi ke kashe shi da wuri, musamman a bar na'ura a gaban mota ko a kan taga tana caji cikin rana. Haka kuma a bar shi babu ko ɗigon caji tsawon hutun makaranta. Kafin a ajiye, a kai shi kusan rabi. Wanda ya kumbura har murfi ya ɗaga, a cire shi nan take, kada a huda shi, kada a matse shi. Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne mai gyaran da zai yanke ƙaramin fanel ɗin kariya da ke kan batir, ya haɗa waya biyu kai tsaye. Wannan fanel shi ke hana caji wuce kima, ƙafa ta uku da ke jikin batir kuma a yawancinsu zafi take aunawa. Na'urar da mutum ke kwana da ita kusa da kunne ba a yi mata irin wannan gyaran. Masu saye kuma su lura: Victor Reader Stream na biyu, na 2013, mai shi na iya zare batirinsa da hannu, na uku da ya fito a 2023 kuwa batirin a rufe yake a ciki.

Caja ta zama mai ba da bolt 5. Ya fi kwanciyar hankali a caja fawa bank da janareta, sannan a caja na'urar daga fawa bank.

Akwai wani ciwo da ke sa a canza sifika a banza. Na'ura na magana a iyafis, a cire shi ta yi shiru. Cikin ramin iyafis akwai wani ɗan harshe na ƙarfe da ke sanar da na'ura an sa ko an cire; in datti ya riƙe shi, sai ta ɗauka har yanzu iyafis na ciki. A jiƙa kan iyafis da sifirit, a sa a cire kamar sau goma. In muryar ce ke kaɗawa kamar tsohuwar gwangwani, a duba fuskar sifikar, maganaɗisunta na tara ɓarɓashin ƙarfe. Salatif ke ɗauke shi.

Memori kuma jabu ya yi yawa. Za a rubuta masa giga 32, ya karɓi littattafan farko lafiya, na baya su ƙi buɗuwa domin ainihin cikinsa bai kai haka ba. A gwada shi a kwamfuta, a cika shi taf a karanto kafin a ba ɗalibi. Tsofaffin na'urori ba sa gane wanda ya wuce giga 32, kuma tsarin FAT32 suke so, wato wanda ake zaɓa in za a yi wa memori fomat a kwamfuta. Babban katin memori, wato SD, yana da ɗan makulli a gefe, in ya zame ƙasa ba za a iya ɗaukar murya ba. Don Allah masu gyara, kada ku goge memorin makaho ba da izininsa ba. Laccar zango guda na iya kasancewa a ciki, kuma ba shi da littafin rubutu da zai koma wa.

Ruwan daminar Jos in ya taɓa na'urar: a kashe, a cire batir in yana fita, kada a sa caji, a buɗe a wanke fanel da sifirit, a bar ta kwana biyu a inuwa. Binne ta a shinkafa ba ya hana tsatsa. Murfin da ya fashe kuma ba a zuba masa sufa gulu, yana gangarawa ƙarƙashin madannai ya ƙame su. Bayan gyara a rufe ido a danna kowane madanni, a tabbata ɗigon da ke kan lamba 5 yana nan, don da shi mai ita ke gane sauran.

Roƙonmu ga Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa da ke Abuja, da ƙungiyoyi da attajiran da ke ba da kyautar nan: duk na'ura goma da za a saya, a haɗo da batir uku na ajiya, bakin caji biyar, wayar caji goma da jakar roba ga kowacce. A tambayi dillali a rubuce inda za a samu batir nan da shekara uku. Sannan kowace makaranta ta tura mutum biyu, ɗaya daga cikinsu makaho, su yi mako guda a shagon gyara su koyi sharar baki, canjin batir da gwajin memori.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu gyaran waya da rediyo,
Titin Ahmadu Bello, Jos.