Albishir daga Maraɗi: Auta ta samu sitaj

Assalamu alaikum mutumina,

Ina gajiya, ina iskar Agadas? Tun ƙaramar salla ba mu ji ɗuriyarka ba, har Inna ta fara tambaya ko zinariyar Jado ce ta ɗauke ka. Wai yaushe za ka zo ne?

Albishirinka! Auta ta samu sitaj, wato koyon aiki, a meri, ofishin magajin gari. Ka san tun da ta gama lisans a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo take yawo da dosiye, yau ANPE, hukumar samar da aikin yi, gobe wani buro. Yanzu an sa ta ɓangaren eta sibil, wurin takardun haihuwa, aure da mutuwa. Kullum sai ta dawo da labari: yaro ya kai aji shida ba shi da takardar haihuwa, sai an bi ta wajen alƙali kafin ya zauna jarrabawa. Rannan har da hawayenta. Ita ce kuma ke koya wa dattijan wurin shigar da sunaye a kwamfuta, su kuma suna koya mata yadda ake yi wa jama'a magana.

Ka daina murmushin nan, na san ka. An riga an kawo kuɗin gaisuwa, ka makara.

Abin da ke hana ni barci, bayan sitaj sai me? Sarbis sibik, wato hidimar ƙasa, shekara 2, sannan zaman jiran konkur, jarrabawar ɗaukar ma'aikata. Meri kuwa da harajin kasuwa da na tasha take numfashi, ina za ta iya ɗaukar kowa? Tun da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024 aka naɗa masu riƙon ƙwarya, ba wanda ban tambaya ba ko za a buɗe ƙofa. Ni dai a ganina, gundumomi 3 na birnin nan su riƙa zuwa jami'a da kansu suna ɗaukar yara tun ba su gama ba. Tsofaffin ma'aikata na tafiya ritaya da lissafin filaye a kansu, ba magaji.

Af, fadarmu ta unguwar Zariya ta watse, mai shayin ya yi aure, kowa ya kama gabansa. Naka kofin na nan mun ajiye.

Dosiyen ƙanenka fa? Ka ce masa ya sabunta kaziye judisiye, takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum, wata 3 kawai yake aiki, ya aiko ta mota in kai da hannuna.

Ka gaida mai ɗaki da yara.

Naka har kullum.