Ku Riƙa Faɗa Mana Kashi Nawa Ne Cikin Ɗari

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan gidan nan, na rubuto ne a kan shirinku na manoma na makon jiya. Wani mai sauraro ya bugo waya ya ce masu hasashen yanayi 'yan duba ne masu kwamfuta, sun ce za a yi ruwa, ba a yi ba. Mai gabatarwa bai ba shi amsa ba, aka wuce. Ban ga laifin mai kiran ba. Ni tsohon malamin gona ne, na san zafin da ke ransa. Shekara uku ke nan maƙwabcina ya ji an ce a rediyo damina ta kankama, ya ɗauki sungumi da 'ya'yansa huɗu suka shuke irin geronsa kaf a yini biyu. Ya tsiro, ya yi kunne, sai sama ta ɗauke har kwana goma sha bakwai. Na same shi tsugune a gona yana murza tsiron a tafin hannu, ya bushe ƙamas. Irin da ya sake shukawa bashi ya ciwo.

Amma akwai abin da ya faɗi a hanya tsakanin masu hasashen da kunnen maƙwabcina. Hasashen zamani da adadi yake fitowa: kashi kaza cikin ɗari za a yi, kashi kaza ba za a yi ba. Kafin ya iso gare mu an sauke adadin, an bar mana "za a yi" tsurarsa. Don a ga darajar wannan adadi nake so in kawo labarin wani masani ɗan Ingila, Farfesa Tim Palmer na Jami'ar Oxford, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen samar da shi.

An haife shi a 1952. Ba da yanayi ya fara ba. Digirinsa na uku a Oxford a kan nazariyyar Einstein ta sararin samaniya ya yi shi, har shahararren masanin kimiyyar nan Stephen Hawking ya yi masa tayin aiki tare da shi. Bai karɓa ba, ya tafi ma'aikatar hasashen yanayi ta Birtaniya. To a can ne ya yi aikin da ya shafe mu kai tsaye, kuma shi ne ya sa sunansa ya zauna mini a kai.

Duk wanda ya kai shekaruna yana tuna farin 1973 da na 1984, shanu suna faɗuwa a kan hanya, mutane suna baro garuruwansu daga arewa da kwano a hannu. A wancan zamani bayanin da ya fi yawo a tsakanin masana shi ne mu muka jawo wa kanmu. Wani babban masani ɗan Amurka, Jule Charney, ya kawo ra'ayi a 1975 cewa idan kiwo ya cinye ciyawa ƙasa ta yi fari fat, za ta riƙa mayar da hasken rana sama, hakan kuma ya rage haɗuwar hadari. Aka ɗauki maganar aka ɗora wa makiyayi da manomi da mai saran itace. Mu kanmu malaman gona haka aka koya mana, haka muka riƙa faɗa a dandali. Sai a 1986 Palmer da abokan aikinsa biyu, Chris Folland da David Parker, suka fitar da bincike a mujallar Nature. Sun jera ruwan saman yankin Sahel daga 1901 zuwa 1985 kusa da ɗumin saman tekunan duniya, suka ga suna tafiya tare: a shekarun da tekunan kudancin duniya da tekun Indiya suka fi na arewa ɗumi, ruwanmu yana raguwa. Palmer ya saka wannan yanayin teku a cikin kwamfuta, ita ma ta ba shi ƙarancin ruwa a Sahel. Binciken da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan. Ba na cewa saran itace ba ɓarna ba ne, ɓarna ce babba. Amma tushen wancan fari yana can cikin teku, dubban kilomita daga Bafulatanin da aka yi ta nuna wa yatsa. Ranar da na fahimci haka na ji nauyin abin da na faɗa wa mutane da bakina.

A wannan shekara ta 1986 ya koma Cibiyar Turai ta Hasashen Yanayi, ECMWF, da ke garin Reading a Ingila. Matsalar da ya tarar tsohuwa ce. Tun 1961 wani masanin yanayi, Edward Lorenz, a Amurka ya ci karo da ita: yana sake gudanar da wani lissafin yanayi, maimakon ya rubuta 0.506127 sai ya taƙaita zuwa 0.506, yanayin da kwamfuta ta fitar daga baya ya bambanta gaba ɗaya. Ma'ana, ɗan kuskure kamar ƙwayar gero a awon yau yana iya zama dutse nan da kwana goma. Kuma babu yadda za a auna iskar duniya duka ba kuskure. Sai ga guguwar daren 15 ga Oktoba 1987, ta afka wa kudancin Ingila, ta kashe mutum 18, ta kayar da itatuwa kimanin miliyan 15, alhali hasashen da aka bai wa jama'a bai nuna ƙarfinta ba. Can ma an zagi masu hasashe kamar yadda ake zaginsu a nan.

Maganin da Palmer da abokansa suka tsaya a kai shi ne a daina dogara da hasashe guda. A gudanar da lissafin sau da yawa, kowanne a ɗan taɓa awon farkonsa kaɗan, gwargwadon kuskuren da ake zaton yana ciki, sannan a duba inda suka nufa. Da muna yara mukan kakkarya kara mu zuba a rafi bayan an ɗauke ruwa. Inda rafin ya miƙe, kararen tare suke tafiya kamar tumaki, kana iya nuna inda za su isa. Inda ya haɗu da dutse yana juyi, sai su watse, wannan ya yi gabas, wancan ya maƙale a gaɓa. Wanda ya jefa kara ɗaya ba zai taɓa sanin wane irin wuri yake ba. Haka wannan hanya da ake kira hasashen gungu take. Cibiyar ECMWF ta fara shi a 1992 da lissafi 33, daga baya suka zama 51. A 1992 ɗin ne ma Amurka ta fara nata a ƙarƙashin Eugenia Kalnay da Zoltan Toth. Idan cikin 50 guda 45 suka nuna ruwa, an ce kashi 90 cikin ɗari. Idan 25 ne, to gaskiyar magana ita ce yanayin wannan mako bai bayyana ba, kuma wannan ma labari ne mai amfani ga mai irin kwano biyar. Da aka sake lissafa guguwar 1987 da wannan hanya, sai aka ga wasu lissafan sun nuna ta, wasu sun nuna dare lafiya. Da an sani, da an ce wa mutane akwai yiwuwar babbar masifa, ku yi hattara.

Daga nan aka shigar da teku cikin lissafin. Iska ba ta riƙe abu fiye da kamar mako biyu, amma teku a hankali yake ɗumama, a hankali yake hucewa, don haka shi ke ba da damar leƙen damina tun watanni kafin ta sauka. Yanzu akwai na'urori kusan 4,000 na shirin Argo suna yawo a tekuna, kowacce tana nutsewa har mita 2,000, ta taso duk kwana goma ta aika da awon ɗumi da gishirin ruwa ta tauraron ɗan Adam. A 2006 Palmer na cikin waɗanda suka nuna cewa irin wannan hasashe na iya ƙara wa ƙasar Botswana har wata huɗu na shirin tunkarar annobar zazzabin cizon sauro, tun da sauro ruwa yake bi.

Kuma ba a bar mu a baya ba. Tun 1998 masanan Afirka ta Yamma suke zama kafin kowace damina su fitar da hasashen yankin, tare da cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ma tana fitar da nata a farkon shekara. Taswirar yankin da adadi uku take zuwa: yiwuwar ruwa ya zarce yadda aka saba, yiwuwar ya zo daidai, yiwuwar ya gaza. A ce misali 45 da 35 da 20. Wannan ba ya nufin "bana ruwa zai yi yawa". Yana nufin ya fi karkata can, amma cikin irin waɗannan shekaru biyar, ɗaya tana iya zuwa da ƙarancin ruwa. Idan mai fassara ya jefar da 20 ɗin nan, ya jefar da gargaɗin da zai sa manomi ya ajiye rabin irinsa, ko ya haɗa da mai saurin nuna.

Na san za a ce talaka ba zai gane kashi cikin ɗari ba. Ban yarda ba. Mutumin da ke yin binne, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwan fari, ya san auna riba da asara fiye da mu masu takarda. Matar da ta shanya gero a tabarma ta ɗaga kai ta ga hadari a gabas, lissafin da take yi ke nan: wahalar kwashewa kaɗan ce, asarar jiƙewa babba, don haka ko ba ta tabbata ba sai ta kwashe. Mai shirin zuba taki buhu biyu kuwa yana bukatar tabbaci fiye da nata. Adadi ɗaya, shawara biyu, kowa da ƙarfin aljihunsa. In kalmar kashi ta yi nauyi, a ce "cikin goma, bakwai". Kuma a ganina wannan ya fi dacewa da tarbiyyarmu. Gaibu na Allah ne. Wanda ya ce "cikin goma, bakwai" bai yi da'awar sanin gobe ba, ya faɗi iyakar abin da awo ya nuna masa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne a duk lokacin da za a karanta hasashe a gidan nan, a karanta shi da adadinsa, a faɗi yankin da ya shafa da kwanakin da ya ƙunsa. In takardar da ta zo muku babu adadi, wakilinku ya buga waya ya tambaya. Sannan kafin ruwan shuka na bana, ku gayyato masanin yanayi mai jin Hausa ya zauna da manoma biyu ko uku a shirin, su yi masa tambaya a kan tsayawar ruwa bayan shuka, domin ita ce ta fi cin mu. Maƙwabcina ya ce in har za a yi, shi zai fara bugo waya.

Allah ya ba mu damina mai albarka.

Naka mai sauraro,
Tsohon malamin gona, daga Jihar Jigawa.