Wasiƙa daga Kano: Zancen cin abinci a mol

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya karatu, ya kuma sanyin ƙasar mutane? Mutanen gida duk lafiya lau. Hajiya tana gaishe ka, ta ce kwana biyu ba ta ji muryarka ba.

Ka tambaye ni ko har yanzu ana zuwa cin abinci Ado Bayero Mall kamar da. Ana zuwa, amma ba kamar yadda ka bari ba. Ka tuna lokacin da aka buɗe shi a Zoo Road a 2014, 'yan watanni kafin rasuwar Mai Martaba Alhaji Ado Bayero, Allah ya jiƙansa. Ranar Sallah sai ka yi da gaske kafin ka samu wurin ajiye mota. To tun da masu babban kantin nan na Shoprite suka rufe reshensu na Kano da ke cikin mol ɗin a Janairun 2024 ƙafa ta ragu, don da ma su ke jawo jama'a: magidanci ya shiga sayen burodi da madara, yara su riƙe masa riga sai an tsaya an sha askirim.

Ga kuma tsada. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi. Mai gidan abinci a irin waɗannan wurare yana biyan haya mai nauyi, ga dizal ɗin janareta saboda esi da firji, ga harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, kuma duk a farantinka za a fanshe. Mai iyali sai ya yi lissafi kafin ya ce wa yara su shirya.

Duk da haka ba na so wuraren nan su mutu, kuma ba don abincin ba. In don ɗanɗano ne, soyayyar kazarsu ba ta kama ƙafar tsiren bakin titi mai ƙuli da albasa ba. Amma wa ke zama a bencin mai tsire ko teburin mai shayi? Mu maza. Mace sai dai a ƙunso mata a takarda, ya iso gida ya huce. A mol ne na fara ganin mutumin Kano ya zauna da matarsa da 'ya'yansa a teburi ɗaya, a bainar jama'a, ba mai kallonsu. Kwanaki na ga wata baiwar Allah ta zaɓi teburin lungu, ta juya wa mutane baya, ta ɗage niƙabinta tana cin shawarma hankali kwance, maigidan yana rungume da jaririn yana jijjiga shi har ta gama. Wallahi abin ya burge ni ƙwarai.

Abin da nake fata shi ne abincinmu ya samu irin wannan wurin zama. Me zai hana a zauna cikin sanyi da tsafta a ci gurasa bandashe, ko masa da miyar taushe, ko dambun shinkafa da zogale? An fara, musamman a ƙananan filazojin nan masu shaguna a jere. Za ka ga mai fura da yogot yana damawa da bilenda a gabanka, kusa da shi mai shawarma, ga 'yan kujeru an jera, kuɗin kuma da sauƙi. Can jama'a suka fi karkata yanzu.

In Allah ya dawo da kai lafiya, za mu kwashi iyalanmu gaba ɗaya mu je, har da Hajiya in ta yarda. Ka rubuto mini yadda kuke fama da neman abincin halal a can. Ka gaida abokan karatu.

Wassalam,
Naka amini.