Shugaban sashe a jami'a: kaya a kansa, mabuɗi a hannun wani

Malam Edita, assalamu alaikum.

Duk sa'ad da karatu ya yi jinkiri, shugaban sashe ko na tsangaya ɗalibai ke fara ɗora wa laifi. Muna so masu karatu su san yadda kujerar take a jami'o'in gwamnatin Nijar, har da Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram.

Wanda ke kanta malami ne, kuma bai bar aji ba. A tsarin LMD (digiri na farko, na biyu da na uku) kowane zangon karatu kiredi 30 ne, wato ma'aunin nauyin darussa, sai an koyar da darussansa duka, an yi jarabawa, kwamitin malamai ya zauna, sannan sakamako ya fito. Inda malaman dindindin ba su isa ba, dole a gayyato na waje, wani daga Maraɗi, wani daga Yamai mai nisan kusan kilomita 900. Baƙon zai ce sati biyu kaɗai gare shi. Sai a cusa darasin zango guda cikin kwanakin nan, safe da yamma, a ture na ƴan gida, a shiga rigimar ɗakin karatu da wani sashe. In kuwa kuɗin mota da na masauki ba su fito ba, ba zai zo ba, kuma makin darasi ɗaya da ya rage ya isa ya riƙe sakamakon aji sukutum. Ta nan shekarar karatu ke hawa kan ƴar uwarta.

Awannin ƙari na malamai shugaban sashe ke ƙirgawa ya sa hannu, amma biya sai kuɗi sun sauko daga baitulmali. Kuɗin tallafin ɗalibai na hannun hukumar tallafin karatu ta ANAB, abinci da makwanci na hannun cibiyar walwalar ɗalibai ta CROU. Shi dai ƙofarsa ce ta fi kusa.

Abin da ya fi ciwo zama da abokan aiki ne. Tun 2019 gwamnati ke naɗa shugabannin jami'o'i, bayan doguwar takaddama da ƙungiyar malaman jami'a ta SNECS, alhali shugaban sashe daga cikin ƴan uwansa malamai ya fito, sau da yawa ma ɗan ƙungiyar ne. Ranar yajin aiki, sama na jiran rahoto, ƙasa na kallon ko zai ci amana. Wanda ya riƙe takardun jarabawa wata da watanni kuma, wataƙila shi ya koyar da shugaban sashen. Da wane baki zai rubuta masa takardar gargaɗi, ga shi in wa'adi ya ƙare ofis ɗaya za su koma? Shi ya sa ake bin mutum gida da lallashi, ɗalibai na jira.

Ga kuma ƙarin girma. Takardu CAMES, majalisar ƙasashen Afirka mai tantance malaman jami'a, ake aika wa a Wagadugu, kuma abin da ya fi nauyi can shi ne binciken da mutum ya wallafa da ɗaliban da ya ja wa gora. Wanda ya kwashe shekaru yana taro da jadawali sai ya tarar tsaransa sun wuce shi.

Roƙonmu ga ma'aikatar ilimi mai zurfi: a rage wa mai kujerar nan awannin koyarwa a aikace, a ba kowane sashe sakatare da aka horar kan shigar da maki, a ware kuɗin malaman gayya tun kafin a buɗe zango. Takardar gargaɗi kan jinkirin maki kuma ta riƙa fitowa daga ofishin shugaban jami'a, bisa wa'adin da aka liƙa a allo kowa ya gani.

Mun gode.

Daga wasu malaman jami'a,
Damagaram