Zuwa ga abokan cinikinmu, kan ƙarin kuɗin kwano da zancen ɓoye hatsi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu da ke awo a wurinmu, muna gaishe ku. Mun fi sabawa da magana baki da baki a ƙofar shago, amma abin da ke dawo mana kunne kwanan nan ya sa dole mu rubuta.

Daga Asabar mai zuwa kwanon gero, dawa da wake zai ƙaru kaɗan. Masara tana nan yadda take, a yanzu dai. Bashin wata kuma ya koma na mako biyu.

Mun san ba daɗin ji. Sai dai abin da ya fi ƙona mana rai shi ne zancen da ake yawo da shi a unguwa, wai mun cika sito mun kulle muna jiran tsada. Har wani bawan Allah da muka yi shekaru muna sallah sahu ɗaya ya faɗa a gaban yaran shago cewa ya kamata hukuma ta garƙame mana sito, kamar yadda aka yi wa wasu a Dawanau a farkon 2024.

E, akwai hatsi a sitonmu. Da kaka muka saya, da kuɗinmu, wani ma da bashi. Muna biyan hayar sito da mai gadi da maganin ƙwari, in kuma farashi ya karye mu ne da asara, ba mai tausaya mana. In ba wanda ya ajiye da kaka, me za a auna a tsakiyar damina lokacin da rumbun manomi ya yi ƙasa? Ɓoye kaya shi ne mutane na nema ka hana su don ka matse su. Addini ya hana wannan, kuma mun sani. Wa ya taɓa zuwa da kuɗinsa muka ce babu alhali akwai?

Ku duba abin da buhu ke ci kafin ya iso mana. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Mai mota ya ƙara, 'yan dako sun ƙara, mai kurkurar da ke kai muku kaya gida ya ƙara. Wake da yawa daga Nijar yake shigowa, ta Maigatari da Jibiya. An rufe boda a Agusta 2019, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Ga shingaye a hanya, kowa da rasit ɗinsa, wani ma ba rasit. A cikin waɗannan wanne ne ɗan hatsi ya yanke?

Masu cewa gwamnati ta ƙayyade farashi, mun fahimci zafin da ya sa su faɗa. Amma takarda ba ta noma gero. In aka ce mu sayar ƙasa da yadda muka sayo, za mu sayar da na hannu mu daina sarowa, kaya su koma bayan fage da tsadar da ta fi wannan. Malamanmu sun karantar da mu cewa kaya sun taɓa tsada a Madina, aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya yanke farashi, bai yanke ba. Mu dai a ganinmu aikin hukuma shi ne ta tsare hanya da gona, ta kama mai algus da mai tauye mudu, sannan ta bar mai saye da mai sayarwa su daidaita.

A namu ɓangaren muna ta duba hanyoyin sauƙaƙawa, muna kuma magana da masu kawo mana kaya. In ya tabbata za ku ji.

Godiya ta musamman ga iyayenmu masu tuwo-tuwo da masu kunu da ƙosai, waɗanda wasunsu tun zamanin marigayi Baba suke awo a nan, da magidantan da ke aiko yara da takarda ba tare da sun tambayi farashi ba. Lokacin ƙarancin takardun naira a 2023, da taransifa ke maƙalewa, mun ba da kaya a kan amana, kuma ba wanda ya ci mana ko sisi. Ba mu manta ba, muna fata ku ma haka.

Wanda ke da shakka ya zo bayan la'asar, za mu buɗe masa sito da littafin sari ya gani da idonsa. Mai tsohon bashi kuma kada kunya ta sa ya canza shago, ya zo mu zauna.

Naku,
Mai shago da yaransa
Kano